Karaban ɗin shiga daji: me ya sa fitar farko ke ba mai shi kunya?

Tambaya: Wani bawan Allah daga Birnin Kebbi ya sayi ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, wanda ake kira karaban, irin na shiga daji, na hannu, ƙirar Afirka ta Kudu. Taya biyu gare shi, kuma farantin da ke jikinsa ya nuna kilo 1,350 ba kaya, 1,800 iyakar nauyinsa da kaya. Da Hilux mai fetur yake jan sa. Niyyarsa ya riƙa kwana a gonarsa ta shinkafa wajen Suru lokacin noman rani, wani lokaci kuma ya kai iyali Argungu ko Yawuri. A fitar farko karaban ya yi ta rawa tsakanin Kalgo da Bunza da wata tirela ta wuce shi, ƙura ta cika gado da kwanuka, firji ya mutu kafin asuba, ruwa ya ƙare a rana ta biyu. Yana tambaya: asara ya yi, ko akwai gyara?

Amsa: Alhaji, ba ka yi asara ba. Abubuwa huɗun nan da ka lissafa su ne gaisuwar da karaban ke yi wa kusan duk sabon mai shi, kuma kowannensu yana da sanannen dalili. Kuskuren da ake yawan yi tun wurin saye shi ne a shiga ciki a duba gado da kicin da madubi, alhali abin da zai hana ka barci yana ƙarƙashi: nauyi, taya, boris, birki, waya da batir. Ɗaki ne idan ya tsaya, amma muddin yana tafiya kaya ne mai kusan tan biyu da ke rataye a bayan motarka da ƙwallon ƙarfe ɗaya.

Mu fara da rawar, don ita ce mai kisa. Sauran duk ɓacin rai ne kawai.

Ka cire 1,350 daga 1,800, saura kilo 450. Wannan shi ne duk abin da aka yarda ka ɗora. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka tanki mai lita 100 ya cinye kilo 100 tun ba ka sa cokali ba. Jarka biyu masu lita 25, kilo 50. Tukunyar gas mai cin kilo 12.5, idan ta cika nauyinta da ƙarfenta ya kai wajen kilo 26. Batir na biyu wajen 30, firji da abin da ke ciki wajen 45, ƙaramin janareta da jarkar mansa wajen 45, rumfa da tamfol da turaku wajen 40. An riga an haura 330. Abin da ya rage wa tukwane, shinkafa, darduma, tufafi da kujeru bai fi kilo 120 ba. Kuma lambar 1,350 ɗin nauyinsa ne ranar da ya bar masana'anta. Duk abin da mai shi na farko ya ƙara, akwatin ƙarfe ko safaya ta biyu ko sola, ba ya cikin lissafin. Don haka kada ka yarda da farantin sai ka auna. Ka loda shi yadda za ka yi tafiya, tanki cike, ka kai shi sikelin manyan motoci irin na kamfanonin sarrafa shinkafa, a auna mota da karaban tare, a kwance a auna karaban shi kaɗai.

Bayan jimillar nauyi, sai nauyin da ke sauka a kan ƙwallon ja, wanda za mu kira nauyin wuya. Ana son ya kasance kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin karaban da kayansa, wato a naka tsakanin kilo 125 da 180, matuƙar bai wuce lambar da aka buga a jikin ƙarfen ja na motar ba. Idan lambar ƙarfen ta gaza haka, ita za ka bi, ka rage kaya. Auna shi ba wuya: sikelin da ake awon buhunan shinkafa a kasuwa ya isa. A wuri mai shimfiɗa, a toshe tayoyi, a tsayar da guntun katako mai kauri tsakanin sikelin da bakin maɗaurin, wato ƙarfen gaban karaban da ke hawa kan ƙwallon ja, ta yadda bakin zai tsaya daidai da tsayin ƙwallon motar, sannan a ɗage ƙaramar tayar wuya, wadda gaban karaban ke tsayawa a kanta idan an kwance shi, a hankali har nauyin ya sauka a kan sikelin. Muna kyautata zaton idan ka auna naka yadda ka loda shi ranar nan za ka tarar wuyan ya yi sauƙi ƙwarai, don sabon mai karaban yakan jibge jarkoki da janareta a can baya inda ya ga fili. Nauyi a bayan taya shi ne uban rawa. Iskar tirela tura shi kawai ta yi, nauyin bayan ne ya ci gaba da lilo da shi. Kaya masu nauyi wurinsu ƙasa, daidai saman tayoyi ko gaba kaɗan. Akwatunan sama na tufafi ne da burodi, ba na gwangwani da tukwane ba.

Gudu kuma kada ya wuce kilomita 80 a awa a kan kwalta mai kyau. Idan ka hango tirela ko tanka a madubi, ka sassauta totur tun kafin ta iso, ka matsa dama gwargwadon hali. In rawar ta riga ta fara, kada ka taka birki da ƙarfi, kada ka yi kokawa da sitiyari kana bin sa hagu da dama, kuma kada ka yarda da masu cewa a ƙara wuta don ya miƙe. Riƙe sitiyari sak, ɗage ƙafa daga totur, bari gudun ya mutu da kansa.

Mafi yawan ƙirar Afirka ta Kudu birkin turi gare su: idan mota ta rage gudu, karaban ya turo ta, maɗaurin ya nutse ciki ya ja wayar birki. A cikin maɗaurin akwai wani ƙaramin shokozoba. Idan ya mutu za ka riƙa jin "gaf" duk sanda ka taka birki ko ka tashi. Tura bakin maɗaurin da hannu, in ya shige ba turjiya to a canza shi. Ƙirar Ostareliya kuwa yawanci birkin lantarki ne, wanda ba ya aiki sam sai an ɗaura wa motar na'urar sarrafa shi, irin su Redarc Tow-Pro. Akwai masu jan irin wannan wata da watanni ba su san ba birki a bayansu ba. Ka kuma duba littafin motarka: Hilux ba ta jan abin da ya wuce kilo 750 idan ba shi da birkin kansa, mai birki kuma lambar ta danganta da inji da shekarar ƙira.

Taya: a gefenta akwai lamba huɗu, misali 3219, ma'ana mako na 32 na shekarar 2019. Tayar karaban ba ta cika suɗewa ba, tsufa ne ke kashe ta, ga zama wuri ɗaya a rana. Duk wadda ta wuce shekara biyar zuwa shida ka canza ta ko da zanenta yana nan kamar sabo, ka sa mai alamar LT mai kaurin gefe, saboda ƙayar aduwa da kututturen gona. Idan rim ɗin mai noti shida ne daidai da na Hilux kuma girman taya ɗaya, ka huta, safayarka ta zama biyu. Iska a kan kwalta ka bi abin da farantin ya ce, yawanci tsakanin 40 da 50 a gejin mai faci. Da ka sauka burji mai gargada ka rage kamar kashi ɗaya cikin huɗu, ka rage gudu zuwa 50 ko 60. A rairayi mai laushi ka sauke har 18 zuwa 20, mota da karaban duka, ka tafi a hankali ba juya sitiyari da ƙarfi. Wannan yana nufin dole ka mallaki geji da famfon iska mai aiki da batir, don komawa kwalta da taya 20 a zafin Afrilu fashewa ce. Taya mai tauri a kan gargada ita ke kwance sukurorin akwatuna, ta karya ƙyauren firji, ta tsinke waya. Rabin abin da mutane ke kira rashin ingancin karaban daga nan yake.

Notin taya a ɗaure shi da sifana mai awo, a sake dubawa bayan kilomita 50 na farko duk sanda aka cire taya. Boris kuma tunda na hannu ka saya, kada ka jira: a buɗe, a wanke, a duba, a cika da giris mai jure zafi, a sa sabon sil. Daga nan duk kilomita 10,000 ko shekara ɗaya. Ka riƙe saiti ɗaya na boris da sil da fin a mota, don a ƙauye za ka samu makaniken da zai ɗaura amma da wuya ka samu lambar. Duk inda ka tsaya a hanya ka kai bayan hannu kusa da tsakiyar rim. Ɗumi ba laifi. Idan ɗaya ya fi ɗaya zafi sosai, ko birki ne ke kamawa ko boris ya fara ci.

Sai ƙura. Lokacin tafiya, iskar da ke wuce jikin karaban tana zuƙe ta ciki, sai ɗakin ya zama kamar bakin da ke tsotso, duk wata kafa ta baya da ta ƙasa tana jawo ƙurar da tayoyi suka tayar. Shi ya sa za ka kulle ko'ina tsaf ka tarar da jan gari a cikin kofi. Nemo kafofin da dare: mutum ɗaya ya shiga da tocila mai ƙarfi yana haska kusurwoyi da ƙarƙashin gado da bayan akwatuna, ɗaya yana waje da ƙarƙashi yana sa alama duk inda haske ya fito. Wuraren da bututu da waya suka huda daɓe su ne manyan masu laifi, a cike su da silikon. Robar ƙofa da ta akwatunan waje ka gwada ta da takarda: rufe ƙofa a kan takardar ka ja, in ta zare salin-alin robar ba ta matsewa, a gyara maƙulli ko a canza roba. Maganin da ya fi duka shi ne a cika ɗakin da iska mai tsabta har ta fi ta waje ƙarfi, ta yadda kafofin za su riƙa hurawa waje maimakon tsotsa. Ana sayar da fanka ta musamman don haka, amma mai walda da mai wayarin za su iya haɗa maka: fanka mai ƙarfi ta 12V a cikin akwati, da matatar iska ta injin mota a gabanta, a ɗora a gaban rufi inda ƙura ba ta kaiwa. Abu ɗaya: ramukan iska na ƙasan ƙofa da na ɗakin tukunyar gas an yi su ne don gas ya fita idan ya zuba, tunda ya fi iska nauyi. In ka toshe na ƙofa don tafiya, ka buɗe da zarar ka sauka. Na ɗakin tukunya kuwa ba a toshe shi ko kaɗan.

A kan burji akwai wata ɓarna da ba a zato. Dutsen da tayar Hilux ta harba baya yana dukan gaban karaban ya dawo ya fasa gilashin bayan mota. Raga mai karkata zuwa ƙasa a gaban karaban da dogayen robobin taya suna maganinsa. Bututun ruwa da wayoyin birki da ke ƙarƙashi a sa musu rigar tsohon tiyo a ɗaure.

Firjinka bai lalace ba, lissafi ne ya kama ka. Firji mai kwamfireso na 12V yana jan amfiya 4 zuwa 5 idan yana aiki. A ƙasar da aka ƙera shi yakan yi aiki kaɗan ya huta da yawa, amma a Kebbi daga Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura digiri 40, kusan kashi biyu cikin uku na yini yana kunne. Wato amfiya-awa 65 zuwa 80 a rana. Ƙara fanka biyu na dare, fitilu, cajin waya da famfon ruwa, ka doshi 100. Batirin dalma mai amfiya-awa 100, irin AGM, rabinsa kawai ake ci idan ana son ya yi ƙarko, wato 50, wannan ma idan sabo ne. Wanda ya zo da karaban na hannu ya yi wata da watanni a jirgi da tashar ruwa ba caji, da wuya ya riƙe rabin hakan. Ka cika shi, ka cire masa komai ya huta awa biyu, ka auna da mita: 12.7 cikakke ne, 12.1 zuwa 12.2 rabi ne. In da safe ya faɗi ƙasa da 12 ba tare da ya yi wani aiki ba, ya gama yayi. Akwai kuma siririyar waya: idan wayar da ke kai wa firji wuta ba ta da kauri ko ta yi tsawo, wutar na raguwa a hanya, firjin ya ɗauka batir ya ƙare ya kashe kansa. A sa waya mai lamba 6mm², da fis kusa da batir.

Abin da zai riƙe ka a gona ba fargaba shi ne batirin litiyam mai amfiya-awa 200, wanda ake iya cin kashi 80 zuwa 90 nasa kuma bai kai rabin nauyin na dalma ba, da sola wat 350 zuwa 400, da na'urar caji ta MPPT, mai daidaita wutar sola kafin ta shiga batir. Dalilin wannan adadi: buƙatarka wajen wat-awa 1,300 ce a rana, kuma kowane faranti mai wat 100 abin da yake bayarwa a zahiri 350 zuwa 400 ne, don zafi na rage masa ƙarfi, ƙurar hunturu kuma ta ƙara ragewa. A goge shi kowace safiya da ɗanyen tsumma. Ya fi kyau rabin solar ta zama ta naɗewa mai doguwar waya, don karaban ya zauna a inuwa ita ta zauna a rana. Kada a sa litiyam a akwatin ƙarfe na gaba da rana ke gasawa. Mafi yawansu ba a son a yi musu caji a zafin da ya wuce digiri 45, ƙarƙashin gado ya fi. Caji daga mota kuma a bi ta na'urar DC-DC mai amfiya 25 zuwa 40, da filogi mai kauri irin Anderson, ba ta siririn filogin fitilu ba. Shi kansa firjin ka sanyaya shi a gida da wutar NEPA kwana ɗaya kafin tafiya, ka cika shi da ruwa mai ƙanƙara, ka bar masa sarari inda yake fitar da zafi.

Maganar AC mu yi ta a fili: na rufin karaban yana jan wat 1,000 zuwa 1,500. Batirin 200 ɗin nan awa biyu zai riƙe shi. In kana son sa, janareta ne mai kVA 2 ko fiye, a ajiye shi aƙalla mita shida daga taga, bakin hayaƙinsa na kallon inda iska ke tafiya. Gubar da ke cikin hayaƙin janareta da na gawayi ba ta da wari, tana taruwa a ɗaki rufe, kuma kowace shekara tana kashe iyalai a ƙasar nan. Kada a shigar da kaskon wuta ciki da hunturu, kada a ɗumama ɗaki da murhun gas, a kuma maƙala na'urar da ke ƙara idan gubar hayaƙi ta taru. A ganinmu, wanda ya sayi karaban don ya kwana a ciki a watan Afrilu cikin sanyi zai sha mamaki. A bazara amfaninsa kicin ne da ma'aji da banɗaki da wurin iyali, maigida kuwa gadon zango da gidan sauro a ƙarƙashin rumfa sun fi masa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne ake cin moriyarsa sosai.

Ruwa: famfon karaban yana fitar da lita 7 zuwa 11 a minti. Mutum biyu su yi wanka da shawa yadda suka saba a gida, tanki ya tafi. Waɗanda suka ƙera shi ba su lissafa alwala biyar da tsarki da wanke tukunyar tuwo ba. Ka ƙiyasta lita 20 ga kowane mutum a rana, wajen biyar daga ciki na sha ne idan ana zafi. In ku biyar ne, lita 100, kwana ɗaya ke nan. Gyaran ba ƙara tanki ba ne, don mun ga nauyi ba zai bari ba. A koma buta da bokiti: alwala da buta lita ɗaya, wanka da bokiti lita takwas zuwa goma. Ruwan tanki a bar shi don sha da girki, na wanka da wanki a ɗebo a jarka daga rijiyar burtsatse ta gona. Jarkokin ƙari a ɗora su a bayan Hilux, gaba da tayar baya. Tsohon tankin kuma a wanke shi da ruwa mai ɗan bilic, ya kwana, a zubar, a ɗauraye sau biyu kafin a sha. Banɗakin ciki, in akwai, tankinsa lita 17 zuwa 20 ne, ruwan tsarki na cika shi a kwana ɗaya ko biyu, kuma a zafinmu ba ya haƙuri. A gona ka haƙa masai na dindindin aƙalla mita 30 daga rijiya, na ciki ya zama na mata da yara da dare.

Akwai abin da ba ka ambata ba amma za ka ci karo da shi. Afirka ta Kudu da Ostareliya hannun hagu suke tuƙi, don haka babbar ƙofa da rumfa yawanci a hagu suke. Mu tun 1972 muka koma dama, ke nan idan ka tsaya a gefen titi ƙofar tana buɗewa ne ta wajen motoci. Kada yaro ya fita ko ya shiga sai ka sauka daga titi gaba ɗaya. Ba a kuma ɗaukar kowa a cikin karaban yana tafiya, komai kusancin wurin. Wutarsu 230 ce kamar tamu, soket ne kawai za a canza zuwa mai baki uku irin namu; wanda ya sayi ƙirar Amurka shi ne ke da aiki, don tasu 120 ce. Bakin tukunyar gas ma ba ɗaya ba ne, a canza regileta da tiyo a wurin mai sana'ar, a gwada kowane haɗi da ruwan sabulu. Takardun kwastan su riƙa zama a mota, musamman a hanyar Kamba da shingaye suke da yawa, ka kuma je ofishin VIO a yi masa rajista a tabbatar ajin lasisinka ya haɗa da jan tirela.

Sunan "na shiga daji" yana ruɗin mutane. Ma'anarsa shasi mai ƙarfi, tsayi daga ƙasa, da maɗauri mai juyawa ta kowace fuska. Ba ya nufin yana bin mota duk inda ta shiga, don tayoyinsa ba sa tura komai. A baƙar lakar fadama bayan ruwa ko bayan ban-ruwa, anga ne kake ja. Ka sauka ka taka wurin da ƙafa tukuna. In laka ta kama takalminka, za ta kama shi. Idan kun kafe, kada ka yi ta murza taya har mota ta zauna a kan cikinta. Kwance karaban, fitar da mota ita kaɗai zuwa busasshen wuri, sannan a jawo shi da doguwar igiya ko tarakta, a shimfiɗa katako ƙarƙashin ƙaramar tayar wuya. Kada a taɓa rataya igiyar fizga a kan ƙwallon ja: yana karyewa ya tashi kamar harsashi, ya sha kashe mutane. Ruwan da ya haura tsakiyar rim kada ka shiga da shi, boris mai zafi yana tsotsar ruwa, kuma jikin karaban yana iya tasowa ruwa ya ja shi gefe da mota duka. Ka sa ran mai zai ƙaru da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. A rairayi da hawa ka sa ƙaramar giyar taimako tun kafin ka shiga, don kuloci ya fi komai saurin ƙonewa.

Wurin sauka: toshe tayoyi kafin ka kwance daga mota, ba bayan ka kwance ba. Daidaita hagu da dama da katako ƙarƙashin taya, gaba da baya da ƙaramar tayar wuya, sannan ka sauke ƙafafun kusurwa a kan katako. Ƙafafun nan na hana girgiza ne, ba jak ba ne, in ka ɗaga ɗakin da su za su lanƙwashe. Inuwar gawo ta fi kowace a rani, tunda shi a rani yake da ganye. Ƙarƙashin giginya kuwa a'a, ɗanta ɗaya ya isa ya fasa sola. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, to daga Mayu kada ka bar rumfa a buɗe ka kwanta ko ka tafi cikin gona, iska na naɗe ta a kan rufi cikin minti ɗaya. Turakun da suka zo da shi gajeru ne, mai walda ya yanka maka rodi mai tsawon santimita 40 zuwa 50. A share ciyawa kewaye, kada a bar takalmi a ƙasa, kowa ya fita da dare da tocila saboda kunama da kububuwa. Kada a sauka a cikin busasshen rafi ko dab da gaɓar kogi, a yankin Yawuri kuma a tambayi masunta hanyar da dorina ke bi ta fito kiwo.

Tsaro shi ne inda hotunan Turawa ba za su yi maka jagora ba. Su daɗinsu su yi nisa da mutane. A halin da ake ciki a Zamfara da kudancin Kebbi wajen Danko-Wasagu da wasu sassan kan iyaka, farin ɗaki mai fitila shi kaɗai a daji talla ce. Karaban ba ya gudu, haɗa shi da naɗe rumfa minti ashirin ne ga wanda ya ƙware. Ka sauka a cikin gari ko gefensa, bayan ka gaida hakimi ko mai gari ya nuna maka wuri, ko a gona inda ma'aikatanka da masu gadi suke kwana. Ka isa da rana tsaka, ka juya mota tana kallon mafita, makulli a aljihu. In mutanen gari suka ce kada ka kwana, kada ka kwana. Da iyali kuwa, harabar gidan ɗan'uwa ko ta masauki mai katanga a Argungu ko Yawuri ta wadatar, kuma lokacin bikin kamun kifi a nemi wurin tun da wuri.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kafin ka koma Suru ka yi gwaji biyu. Na farko a filin idi ko filin ƙwallo, ka koyi ribas: hannu a ƙasan sitiyari, inda ka kai hannun nan bayan karaban zai nufa, a hankali, mutum ɗaya tak ke ba ka hannu kuma yana inda kake ganin sa a madubi. Na biyu, ku kwana biyu a cikinsa a ƙofar gida ba tare da jona wutar gida ko ɗebo ruwan gida ba, ka rubuta lambar batir da magariba da asuba, ka rubuta ranar da tanki ya ƙare. Duk abin da aka shiga gida aka ɗauko a rubuta shi, duk abin da ba a taɓa ba a sauke shi. Bayan kowace tafiya a burji ka shiga ƙarƙashi da sifana ka bi notin sufirin da na shokozoba da na tankin ruwa ɗaya bayan ɗaya. Idan zai daɗe a ajiye, a zubar da ruwan tanki, a rufe gas daga tukunya, a cire kan batir, a rufe tayoyi daga rana, a kuma tsayar da shi a kan siminti ba a kan ƙasa ba, don gara na hawa ta ƙafafun kusurwa ta shiga katakon daɓe.